Daga Garin Wanzam Zuwa Sabon Tumbu: Abin da Sunayen Tsibiran Tafkin Chadi Ke Faɗa

Mutumin Magarya ko Dungas bai san teku ba sai a labari. Nijar ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, kuma in ka ce "tsibiri" a kasuwar Magarya, da yawa garin Gobirawa na kusa da Maraɗi ne zai fara faɗo musu a rai. Duk da haka muna da tsibirai, ba ɗaya ba, ba goma ba. Suna can ƙarshen kwaltar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Gure da Maine-Soroa da Difa ta dire a Ngigmi, tafiyar kilomita kusan 600, a cikin Tafkin Chadi inda Nijar da Najeriya da Chadi da Kamaru suka haɗa iyaka. Ɗaruruwa ne in aka haɗa na ƙasashen huɗu, kuma Hausawa ƴan cin rani daga jihar Damagaram da Maraɗi da Tawa sun daɗe suna zuwa can su yi su, su yi noma, su komo gida da kuɗin aure da na shanun huɗa.

A ƴan shekarun nan ba a jin sunayen waɗannan wurare sai a labarin hari ko na farmakin soja. Karamga, Tumbun Gini, Kirta Wulgo, Dabar Masara: mai sauraron rediyo ya ɗauke su maɓoyar ƴan bindiga kawai. Alhali wuraren sun girmi wannan fitina, kuma sunayensu su ne kundin da ya fi kowane riƙe tarihin yankin. In aka bi su a hankali, suna faɗin wanda ya fara zuwa, da wanda ya biyo baya, da lokacin da ruwa ya ja.

A fara da ƙasar kanta. Yawancin tsibiran da ke gabas da arewa maso gabashin tafkin tuddan rairayi ne. A wani zamani mai nisa da fari ya yi tsanani, iska ta jera dogayen jigayi a ƙasar Kanem, a layi a layi, daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Da ruwa ya dawo sai ya cike kwaruruwan da ke tsakani ya bar kawunan a waje. Duk manomin da ya ga gonar da aka yi wa huɗa bayan ruwan sama mai ƙarfi, kwarin kunya ya cika, bayan kunya ya fito, to ya ga taswirar wurin a taƙaice. Shi ya sa tsibiran wajen Bol da Baga Sola suke dogaye sirara, duk suna fuskantar waje ɗaya, da lungunan ruwa a tsakaninsu waɗanda baƙo ba ya shiga ya fita sai da ɗan gari. Farin yashi a sama, goriba a kan tudu, dogayen ciyayin ruwa sun yi wa gaɓa zobe, dorina da kada a cikin lungu, ga tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai lokacin hunturu. Kyan wurin ba a gardama a kansa.

Sai dai tafki ne marar zurfi. A wurare da yawa mutum mai tsayi yana iya tsayawa kansa a waje, kuma rana da iska suna shanye kusan mita biyu na ruwansa kowace shekara. Abin da ke mayar da gurbi, kashi 90 cikin 100 ko fiye na ruwan koguna, daga kogin Shari da Logone yake zuwa, waɗanda suka taso daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa. Cikin ɗan abin da ya rage akwai na Komadugu Yobe, wanda ke shiga tafkin kusa da Boso, kuma asalinsa ruwan Kano da Haɗeja da Jama'are ne. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage masa ƙarfi. Mu ma ba bare ba ne a wannan lissafi, domin masana ruwa suna sa kwarin Korama na kudancin Damagaram, wanda lambunan rake da rogo na ƙasar Magarya ke sha daga gare shi, cikin babban kwarin Tafkin Chadi.

A irin wannan wuri, ƙarin ruwa na kamu ɗaya ko biyu ya isa ya nutsar da tsibiri, raguwarsa kuma ta haɗa tsibirai goma su zama fili guda. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi biyu, kwarin arewa da kwarin kudu, da wani tudu mai ciyayi a tsakani. A tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai wuce murabba'in kilomita 2,000 ba, kwarin arewa kuwa, wanda rabon Nijar yake ciki, akwai shekarun da ya ƙafe ƙurmus har mota tana bi ta inda jirgi ke bi a da. Daga ƙarshen shekarun 1990 ruwa ya riƙa dawowa. Maganar da ake yawan yi cewa tafkin yana gab da ɓacewa rabin gaskiya ce: ya ragu ƙwarai, amma ja da dawowa halinsa ne tun fil azal. Sojan Faransa Jean Tilho, wanda ya auna shi a farkon ƙarni na 20, ya riga ya kasa yanayinsa uku, ƙarami da matsakaici da babba. Kuma Tilho ɗin nan shi ne ya jagoranci ɓangaren Faransa a aikin kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, daga kogin Kwara har zuwa tafkin. Layin da ya ratsa kudu da Magarya da Dungas ya raba su da Ɓaɓura da Maigatari, shi ne dai ya miƙe gabas ya faɗa cikin ruwa.

Wani abin da ke ba baƙo mamaki shi ne lokacin cikar. Ruwan Shari yana daɗewa a hanya, don haka tafkin ba ya batsewa sai wajen Disamba da Janairu, kwarin arewa ma ya fi haka jinkiri. Watau lokacin da manomin Dungas ya gama shigar da gero rumbu, lokacin ne kifi ke yawa a can, in ruwa ya fara ja kuma a bi danshinsa a shuka masara da wake. Babu wurin da ya dace da cin rani kamar wannan.

Akwai kuma tsibirin da ba ƙasa ba ne sam. Ciyayin ruwa kan sarƙe da juna su yi kauri har su ɗauki mutum da bukkarsa da murhunsa, iska ta yanke su daga gaɓa ta riƙa yawo da su. Ana ce wa irin wannan kirta. Masunci kan kwana a kansa ya farka ya ga an kai shi wani wuri, wani lokaci ma kirta ta toshe hanyar jirage gaba ɗaya. Kalmar tana nan a cikin sunan Kirta Wulgo.

Masu wurin na asali su ne mutanen da muke kira Buduma. Wannan suna Barebari ne suka ba su, ma'anarsa mutanen ciyawa. Su da kansu Yedina suke ce wa kansu. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin sunan farko na mutumin gaɓa ne da ke hango su daga nesa cikin tsoro. Ƙarni da ƙarni Yedina sun ƙi miƙa wuya ga sarakunan Barno, suna fitowa daga lungunan ruwa su kai hari ƙauyukan gaɓa su koma inda doki ba ya zuwa. Ba su karɓi Musulunci gaba ɗaya ba sai a farkon ƙarni na 20. Mutane suna ɗaukarsu masunta, amma zuciyar Bayedine tana wurin saniya. Shanunsu, waɗanda aka sani da kuri, farare ne manya marasa tozo, da ƙahoni masu kumburi waɗanda cikinsu ba shi da nauyi, kuma suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa, makiyayi yana biye da su a kan guntun wani itace marar nauyi da ke fitowa a bakin ruwa. Yau irin yana raguwa saboda barbara da shanun tudu.

Jirginsu na gargajiya, kadai, da damman ciyawar ruwa ake ɗaure shi, ba ƙusa ba katako. Gwanintarsu a wannan sana'a ta kai har wani Bature ɗan Norway, Thor Heyerdahl, ya zo Bol ya ɗauki maginan Yedina zuwa Masar a 1969, suka ɗaure masa babban jirgin ciyawa mai suna Ra a gindin dalar Giza. Ya tashi da shi daga Safi ta Maroko ya yi tafiyar kilomita dubbai a tekun Atlantika kafin jirgin ya lalace bai kai Barbados ba. Da irin waɗannan jirage ne Yedina suka riƙa ƙetaro da faifan kanwa daga gaɓar Kanem zuwa gaɓar Barno, fatake su ɗora wa jakuna da raƙuma zuwa ƙasar Hausa. Kanwar da tsofaffinmu ke kira ungurnu sunan garin Ngurno na bakin tafkin ta ɗauko. Matar da ke jiƙa ta a Wacha ko Dogo-Dogo tana ambaton wani gari na gaɓar Tafkin Chadi ba tare da ta sani ba.

Sunan tafkin kansa daga Barbarci ya fito, daga kalmar da ke nufin ruwa mai faɗi. In mun ce Tafkin Chadi kusan tafkin tafki muke cewa. Turawan Ingila na farko da suka gan shi, Denham da Oudney da Clapperton, sun iso a watan Fabrairun 1823 a hanyarsu ta zuwa Kukawa wurin Shehu Laminu, kuma Denham ya raɗa masa Waterloo, don tunawa da yaƙin da Ingila ta ci Napoleon a 1815. Sunan bai ko kwana ba a bakin kowa. A 1851 Bajamushe Adolf Overweg ya shiga tsibiran da jirgin da aka ƙetaro da shi Sahara gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma, ya zauna da Yedina, ya rasu shekara mai zuwa kusa da gaɓa. Sunan da Barebari suka sa shi ne ya ci gaba, har ƙasa guda ta ɗauke shi ta sami mulkin kai da shi a 1960. Masana harshe ma da shi suka kira dangin harsunan da Hausa take ciki, dangin Chadi, kuma abin dariyar shi ne harshen Yedina yana cikin wannan dangi tare da Hausa, Barbarcin da ya ba da sunan kuwa ba ya ciki. Ta fuskar harshe, Bayedine ɗan'uwan Bahaushe ne na nesa.

Sawun Barebari da Kanembu ya cika taswirar. Gana ƙarami ne, kura babba, shi ya sa ake da Darak da Darak Gana. Baga tana fitowa a sunan garuruwan da suke tashar jirgi da kasuwa: Baga Kawa a Najeriya, Baga Sola a Chadi. Ɗafin -ram da ke ƙarshen Koloram da Kafuram yana nuna wuri, kuma kunnenmu ya saba da shi, tunda shi ne a ƙarshen Damagaram, wadda gidan sarautarta ke da tushe a Barno.

Sa'an nan Hausawa suka zo. Masunta daga ƙasar Kabi da Sakkwato sun fara yawa tun shekarun 1950 da 1960, lokacin da ragar roba ta shigo kuma motocin ɗaukar banda suka fara kai kifin tafkin Maiduguri, daga nan zuwa Anaca da Legas. Farin 1973 da na 1984 suka koro wasu dubbai, wannan karon har da manoma da makiyaya, domin ƙasar da ruwa ya janye daga kanta ba ta buƙatar taki. Kifin ma ya canja: giwan ruwa da sauran na buɗaɗɗen ruwa suka ragu, tarwaɗa da karfasa da bargi suka mamaye fadamu. Masunta ƴan Mali suka kawo gurarsu, wadda har yau ake kira gurar Mali, aka riƙa jera ta ɗaruruwa a tare hanyar kifi, abin da ake ce wa dumba. Kowane sansani kuwa sai da suna, domin dillali yana bukatar sanin inda zai aika jirgi.

Wanda yake son ganin yadda aka yi wannan raɗin suna ya duba ƙauyuka 33 da Najeriya ta lissafa gaban Kotun Duniya a shari'arta da Kamaru. A cikinsu akwai Garin Wanzam, da Doron Liman, da Doron Malam, da Ramin Dorina, da Fagge, da Sabon Tumbu, da Naira, da Sokotoram. Ba sai an yi wa Bahaushe fassara ba. Irin raɗin sunan da muka sani ne a gida, inda gari ke cin sunan wanda ya sare shi, ko sana'arsa, ko itacen da aka tarar, yadda Magarya kanta ta ci sunan itace. Wanzami ya kafa bukka, aka ce Garin Wanzam. An ga inda dorina ke kwanciya, aka ce Ramin Dorina. Fagge unguwar baƙi ce a bakin ganuwar Kano, wani ya ɗauko ta ya dasa a tsakiyar tafki. Sokotoram rabi Sakkwato rabi Barbarci, shaidar cewa mutanen wuri ɗaya ne suka zauna, maƙwabtansu na wani harshe suka kira su. Naira kuwa ta fi kowane faɗin shekarunta, domin kuɗin naira bai fito ba sai ranar 1 ga Janairun 1973, shekarar da tafkin ya rabu biyu. Ƙauyen da ke ɗauke da wannan suna ɗan bayan fari ne, kuma kowa ya san abin da ya kai mutane can.

Tumbu, a bakin mutanen tafki, shi ne tsibiri, Bahaushe ya liƙa masa nasa ɗafin ya ce Tumbun Gini, Tumbun Rego, Tumbun Fulani. Doro wuri ne da ƙasa ta ɗaga inda ake sauke kifi a yi ciniki. Daba sansani ce, kwata kuma mashigar jirgi. Sunayen ma tafiya suke yi. Da ruwa ya guje wa Baga, tashar ta bi shi aka sami Doron Baga. Ngigmi da ta kasance garin bakin ruwa ta wayi gari tafkin ya yi mata nisa, kasuwar kifi ta koma Doro Lelewa. Sau da yawa mutum zai ji an ce tumbun kaza ya je ya tarar da fili ana noman masara, ba ruwa ko na alwala. Sunan yana riƙe da yadda wurin yake a shekarar da aka raɗa shi.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bahaushe yana da saurin raɗa suna, kuma harshensa na kasuwa ne, saboda haka sunan da ya sa shi ke shiga bakin direba da soja da ɗan jarida. Amma tudun da ya kira sabo, sau da yawa wata zuriyar Yedina ta san shi tun kakanni, ta san shekarar da ya nutse da wadda ya fito, tana kuma da nata sunan da take kiransa. A jerin da aka kai kotu ma an rubuta Doron Malam da suna na biyu a gefensa, Doro Kirta. Yawancin rigingimun su da kiwo a tafkin daga nan suke tasowa: baƙo yana ganin ya sari daji, mai wuri yana ganin an zauna masa a makiyaya. Inda aka zauna lafiya, baƙon ya nemi izinin bulama ne ya biya abin da aka yanka masa.

Gwamnatoci ma sun faɗa wannan rami. Shugabannin ƙasashen huɗu, Diori Hamani da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Ahidjo da François Tombalbaye, sun kafa Hukumar Tafkin Chadi ranar 22 ga Mayun 1964 a Fort-Lamy, wadda ita ce Njamena a yau, lokacin da iyakokin cikin tafki layi ne kawai a kan ruwa wanda bai dami kowa ba. Da ruwa ya ja layin ya zama gona. A 1983 sojojin Najeriya da na Chadi suka gwabza a kan wasu tsibirai, kuma kwamandan da ya jagoranci ɓangaren Najeriya shi ne Janar Muhammadu Buhari. Bayan haka hukumar ta sa aka kafa alamun iyaka tsakanin 1988 da 1990. Rigimar Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita ta kai Kotun Duniya a 1994. Najeriya ta ce mutanenta ne suka kafa garuruwan, ita ke karɓar haraji, ita ta gina makaranta da asibiti, daga ƙaramar hukumar Ngala ake mulkinsu. Ranar 10 ga Oktoban 2002 kotun ta ce duk wannan bai soke yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1919 da 1931 ba, ƙasar ta Kamaru ce. A Disamban 2003 Najeriya ta janye. Garin Wanzam bai canja suna ba, tuta ce ta canja. Suna yana shaidar wanda ya zauna, amma kotu ba ta karɓe shi a matsayin takardar mallaka ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Lungunan da suka kare Yedina daga dawakin Barno su ne suka zama mafakar Boko Haram. Ranar 25 ga Afrilun 2015 aka kai hari tsibirin Karamga, gwamnatin Nijar ta ce an kashe sojoji 46 da farar hula 28. Cikin ƴan kwanaki aka umarci mutanen tsibiran ɓangaren Nijar su fice, dubbai suka taka da ƙafa zuwa Ngigmi da Boso cikin zafin bazara, aka hana su da cinikin kifi na tsawon shekaru. Hausawa da yawa suna da garin komawa, sun koma. Yedina ba su da wani gida bayan tafkin, su da shanunsu da ba su saba da tudu ba.

Yau a ƙauyukan Magarya da Dungas akwai dattawan da suka yi shekaru suna zuwa tafki, waɗanda za su iya jera maka tumbu ashirin a jere, su faɗi wanda ya fara kafa bukka a kowane, da sunan da Buduma ke kiransa, da shekarar da ruwa ya cinye shi. Yawancin wannan ilimi ba ya cikin taswirar gwamnati, kuma masu shi suna tsufa. Ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa a jami'ar Damagaram da ta Difa, da gidajen rediyon karkara na yankin, ba sa bukatar izinin soja ko jirgin ruwa kafin su yi wannan aiki. Waya mai ɗaukar murya ta isa. A je a zauna da waɗannan dattawa a naɗi abin da suka sani, a kuma nemi Yedina da ke zaune a Ngigmi da Difa a rubuta nasu sunayen kusa da namu.